Yaya za a fahimtar da ɗaliban sakandare sharuɗɗan kwasa-kwasan jami'a da zaɓen fanni a Amurka?

Gwaggon Yara ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsarin karatun jami'a a Amurka daga ciki, ko dai sun yi karatu a cikinsa ko suna aiki a cikinsa. Ɗan yayana yana zaune a wurina, yanzu yana aji na 11, wato ajin kusa da na ƙarshe a sakandaren Amurka, kuma ban da shi akwai wasu yara biyar sa'o'insa, 'ya'yan abokan arziki, waɗanda suke taruwa a gidana ranar Asabar ina duba musu aikin makaranta. Ni ban yi karatuna a wannan ƙasa ba. A tsarin da na sani, mutum yakan nemi fanni guda tun daga ƙofa, a ba shi ko a hana shi, kuma idan ya shiga zai tarar da jadawalin darussansa a shirye tun daga shekarar farko har zuwa ta ƙarshe, babu abin da ya rage masa sai ya zauna ya karanta. A nan kuwa na ga abin ya sha bamban, kuma gaskiya ya ɗaure mini kai.

Makon jiya mun buɗe shafin wata jami'a tare da yaran domin mu ga abin da ake bukata kafin a ba mutum digiri, sai muka tarar da sharuɗɗa kashi-kashi, wasu na jami'ar baki ɗaya, wasu na tsangaya, wasu na sashe, ga kuma lambobi a jikin kowane kwas. Yaran suka zuba mini ido, ni kuma na rasa ta inda zan fara. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta tambaye ni dalilin da zai sa mai son ilimin kwamfuta ya ɗauki tarihi da adabi. Wani ya ce an gaya masa ba sai ya zaɓi fanni ba sai ya shekara biyu a jami'a, saboda haka shi bai ga abin damuwa tun yanzu ba. Ɗan yayana kuwa ya ce likita zai zama, amma ya bi jerin fannonin jami'ar daga sama har ƙasa bai ga likitanci ba.

Abin da nake roƙo shi ne a nuna mini hanyar da zan bi in fahimtar da su waɗannan sharuɗɗa ba tare da na ruɗa su ba, a kuma gaya mini ko akwai abin da ya wajaba su yi tun suna sakandare domin kada wata ƙofa ta rufe musu ba su sani ba. Iyayensu sun amince da ni, kuma ina jin nauyin in ba yaran mutane shawarar da za su yi da-na-sani a kanta.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar yaran nan. Na haura shekara 10 ina koyar da lissafi a wata kwalejin shekara biyu, kuma wani ɓangare na aikina shi ne zama da sababbin ɗalibai mu tsara kwasa-kwasan da za su ɗauka, don haka zan yi magana a kan abin da nake gani kullum.

Ki fara musu da kiredit, domin da shi ake auna komai. Digiri na farko a mafi yawan jami'o'in ƙasar nan kiredit 120 ne, kwas guda yawanci yana ɗauke da 3, wanda yake haɗe da ɗakin gwaje-gwaje kuma 4. A ƙa'idar gwamnatin tarayya, kiredit ɗaya yana nufin kimanin awa ɗaya a aji da awa biyu na karatu a wajen aji kowane mako, tsawon zango mai kusan mako 15. Idan aka raba 120 gida 8, wato zango biyu a shekara har shekara huɗu, za a samu 15, kwas biyar ke nan a kowane zango, wanda a lissafe ya kai aikin awa 45 a mako. A nan akwai tarkon da yake kama ɗalibai da yawa. Ana lissafa mai kiredit 12 a matsayin cikakken ɗalibi, sai yaro ya yi rajistar kwas huɗu hankalinsa kwance, bai lura ba cewa 12 sau 8 bai wuce 96 ba, wato ranar da ya kamata ya sa rigar yaye ɗalibai sauransa kiredit 24, kusan wata shekara guda da kuɗinta. Jami'o'in da suke raba shekara zuwa gajerun zanguna suna neman 180, amma nauyin karatun ɗaya ne.

Waɗannan 120 ɗin sun kasu uku. Akwai kwasa-kwasan gama-gari da kowane ɗalibi yake ɗauka ko me zai karanta: rubutun Ingilishi, lissafi, kimiyya, tarihi, nazarin zamantakewa da makamantansu. Akwai na babban fanni, wato abin da mutum zai ƙware a kai kuma sunansa zai fito a takardar sakamakonsa. Ragowar kuma na zaɓin rai ne, waɗanda wasu suke tattara su wuri ɗaya su yi ƙaramin fanni da su. Girman kashi na farko ya danganta da inda aka je. A jami'o'in gwamnati na jihar Texas kiredit 42 ne. Jami'ar Columbia tana da jerin darussan dole da asalinsu ya faro tun 1919, a jami'ar MIT kuma ko me mutum yake karantawa sai ya yi kalkulas (wani reshe na lissafi mai zurfi) da fiziks da kemistiri da bayoloji, ga kwas takwas na fannonin adabi da fasaha da zamantakewa, alhali Jami'ar Brown ta sauke irin waɗannan sharuɗɗa tun 1969, ta bar wa ɗalibi ya tsara nasa. Ga yarinyar da ta yi tambaya a kan tarihi da adabi, amsata ita ce tsarin an gina shi ne a kan cewa ɗan shekara 18 bai gama sanin kansa ba, kuma injiniyan da ba ya iya rubuta bayani mai ma'ana aikinsa yana da tawaya. Na ga ɗalibai da yawa da suka shiga irin waɗannan azuzuwa suna gunaguni, suka fito da fannin da suka rayu a kansa.

Sai dai abin da na fi so ki dage a kai shi ne sarƙar kwasa-kwasai, domin ita ce ainihin abin da yaro yake zaɓa idan ya ce ya zaɓi fanni. Kusan kowane kwas na sama yana da wani da dole a ci kafin a shige shi, shi ma wancan yana da nasa. Ki ɗauki injiniyanci misali: aikin ƙira na shekarar ƙarshe yana bukatar kwasa-kwasan shekara ta uku, su kuma suna bukatar kwas ɗin da ke nazarin yadda nauyi da ƙarfi suke aiki a kan gini ko inji, shi kuma ba a shigarsa sai da fiziks na farko, fiziks ɗin kuma yana tafiya ne da kalkulas. Ke nan ɗalibin da bai fara kalkulas a zangonsa na farko ba, duk abin da ke bayansa ya ja baya, kuma tun da wasu kwasa-kwasan sau ɗaya ake koyar da su a shekara, jinkirin zango ɗaya yakan zama na shekara. Jami'o'i da yawa suna yi wa sabon ɗalibi jarrabawar tantance matakinsa a lissafi, irin su ALEKS ko Accuplacer. Wanda ta mayar da shi aljabra sai ya yi zango ɗaya ko biyu kafin ya iso kalkulas, idan kuma ta kai shi ajin cike giɓi, zai biya kuɗinsa amma ba a lissafa shi cikin 120.

Wannan ya kawo mu ga tambayarki ta ƙarshe. Ƙofar da ta fi rufuwa a ɓoye ita ce ta lissafi. Makarantu da yawa suna barin yaro ya kammala sakandare da lissafin shekara uku, sai ya ajiye shi a aji na 12 don ya huta, ya je jarrabawar tantancewa bayan ya yi fiye da shekara bai taɓa shi ba. Kada ki bar ko ɗaya daga cikinsu ya yi haka, ko da kuwa yana ganin adabi zai karanta. Sannan su san cewa sharaɗin kammala sakandare daban, sharaɗin shiga jami'a daban. Jami'ar California, misali, tana neman kwas 15 na shekara-shekara da sakamakon da bai gaza C ba: Ingilishi shekara 4, lissafi 3, tarihi 2, kimiyya 2, wani harshe da ba Ingilishi ba 2, fasaha 1, da ƙarin guda na zaɓi, kuma ana so a gama 11 daga ciki kafin shiga aji na ƙarshe.

Da ni ne ke, ranar Asabar mai zuwa zan sa kowane yaro ya zaɓi fanni biyu da yake sha'awa, ya nemo tsarin shekara huɗu na kowanne a kundin wata jami'a, ya fara karantawa daga shekarar ƙarshe yana dawowa baya, yana jan layi daga kowane kwas zuwa wanda ya rataya a kansa har ya iso zangon farko. Ya kuma karanta bayanin kwasa-kwasan shekara ta uku da ta huɗu a tsanake. A nan ne mai son ilimin halayyar ɗan Adam zai gano cewa akwai ƙididdiga da dabarun bincike a gabansa, mai son tattalin arziki ya ga kalkulas, mai son kwamfuta ya ga cewa rabin abin lissafi ne. Gara ya gani yanzu a kan takarda a falonki da ya gani bayan an biya kuɗin zango uku.

Ma'aikaciyar Jinya ta rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni dai ina so in tsaya a kan yaron da ya ce yana da shekara biyu kafin ya zaɓi fanni, domin irin wannan maganar ce ta ci mini shekara guda ta rayuwata. Gaskiya ne cewa jami'o'i da yawa ba sa tilasta wa ɗalibi ya bayyana fanninsa sai wajen ƙarshen shekara ta biyu, amma wannan sassauci yana amfanar wanda zai ƙare a tarihi ko nazarin siyasa ko zamantakewa ne, inda sarƙar take gajeriya. Ga jinya da injiniyanci da tsara gine-gine, da ilimin kwamfuta a wurare da yawa, wanda ya jira shekara biyu ya makara.

Na shiga jami'a ban bayyana fanni ba, kuma wanda aka haɗa ni da shi don ya ba ni shawara ya cika mini jadawali da kwasa-kwasan gama-gari bai taɓa tambayata inda zuciyata ta karkata ba, ni ma kuma ban san cewa ya kamata in faɗa ba. Da na yanke shawarar yin jinya a tsakiyar shekara ta biyu, sai na tarar cewa sashen yana da tasa ƙofar daban, sau ɗaya yake ɗaukar ɗalibai a shekara, gurabensa ƙididdigaggu ne, kuma ba ya duba takardar mutum sai ya gama ilimin sassan jiki kashi na ɗaya da na biyu, da ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, da kemistiri, da ƙididdiga. Kimiyyar da na ɗauka don cika sharaɗin gama-gari ita ce ta taurari, wadda na ji daɗinta ƙwarai amma ba ta matsar da ni ko taku ɗaya ba. Da na ɗauki kemistiri a madadinta, da ta biya mini bukata biyu a lokaci guda. Wannan shi ne abin da nake so ki koya wa yaran, Hajiya: wanda bai yanke shawara ba ya cika sharuɗɗan gama-gari da kwasa-kwasan fannin da ya fi tsauri cikin waɗanda yake tunani, domin sauka daga injiniyanci zuwa tattalin arziki abu ne mai sauƙi, hawa daga can zuwa nan kuwa da wuya.

Su kuma bincika yadda kowace jami'a take ɗaukar ɗalibai. Jami'ar Cal Poly da ke San Luis Obispo tana so mai nema ya faɗi fanninsa tun a takardar neman shiga, a Cornell kuma mutum yana neman wata tsangaya ce takamaimai, ba jami'ar a dunƙule ba. A irin waɗannan wurare samun gurbi a jami'a ba ya nufin an samu gurbi a kowane sashe nata.

Ba ina cewa canza fanni aibi ne ba. Cibiyar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin Amurka ta fitar da rahoto a 2017 wanda ya nuna cewa kimanin kashi 30 cikin 100 na ɗaliban da suka bayyana fanni sun canza shi aƙalla sau ɗaya cikin shekara uku, a cikin waɗanda suka fara da lissafi kuwa fiye da rabi ne suka canza. Abin lura shi ne lokacin da aka yi canjin, domin tallafin karatu yana da iyaka. Tallafin Pell, wanda gwamnatin tarayya take ba ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, ba ya wuce kwatankwacin zango 12 na cikakken karatu a rayuwar mutum, kuma ƙa'idar tallafin tarayya ita ce a gama digiri kafin a zarce kashi 150 cikin 100 na tsawonsa, wato kiredit 180 ga digirin 120, har da waɗanda aka faɗi ko aka janye daga cikinsu. Ƙari a kan haka, duk fannin da ake bukatar lasisi kafin a yi aiki da shi, a tabbatar sashen yana da tantancewar hukumar da ta dace, kamar ABET ga injiniyanci, CCNE ko ACEN ga jinya.

Baban 'Yan Mata ya rubuta:

Hajiya, ɗan yayanki bai yi kuskuren dubawa ba, likitancin ne babu shi a jerin. A Amurka ana shiga makarantar likitanci ne bayan an gama digiri na farko, a rubuta jarrabawar shiga da ake kira MCAT, a yi shekara huɗu, sannan a yi horon ƙwarewa a asibiti na shekara uku zuwa bakwai gwargwadon ɓangaren da aka zaɓa. Akwai 'yan tsirarun jami'o'i, kamar Brown, da suke da shirin da ke haɗa matakan biyu tun daga sakandare, amma gurabensu kaɗan ne ƙwarai. Makarantun likitanci ba su ɗaure mai nema da wani fanni ba. Abin da galibinsu suke nema shi ne shekara guda-guda ta bayoloji, da kemistiri na gama-gari, da kemistirin sinadaran kabon, da fiziks, duk da aikin ɗakin gwaje-gwaje, da yawa kuma suna ƙara kemistirin jikin halittu, sannan tun 2015 jarrabawar ta ƙunshi halayyar ɗan Adam da zamantakewa. Mai digirin tarihi ko lissafi da ya cika waɗannan yana da damar nema kamar mai digirin bayoloji. Haka lauya ma, sai bayan digiri na farko ake shiga makarantarsa ta shekara uku.

Ina faɗin wannan ne da ciwo a raina. Babbar 'yata tana son ƙididdiga tun tana sakandare, ni kuwa na dage sai bayoloji, saboda a tunanina ita kaɗai ce hanyar likitanci. Ta bi maganata don biyayya. Ban san cewa dokar sirrin bayanan ɗalibai ta 1974 ta mayar da ikon ganin sakamako hannun ɗalibi da zarar ya shiga jami'a ba, don haka ina zaune ina jiran takarda daga makaranta, ita kuma tana can tana fama, tana jin kunyar ta gaya mini. Sai da aka shekara sannan ta buɗe baki, lokacin makinta ya riga ya yi ƙasa. Ta koma ƙididdiga ta gama lafiya, alhamdu lillahi, amma da na san abin da na sani yau, da ta fara da abin da take so, ta haɗa da kwasa-kwasan likitancin a gefe, ƙofofin biyu suna buɗe. Don Allah ki zauna da iyayen yaran nan su ma, domin sau da yawa mu ne muke bukatar bayanin fiye da 'ya'yan. Shi kuma yaron a tambaye shi: idan likitancin bai samu ba, wane digiri ne zai so a ce yana hannunsa?

Gwaggon Yara ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Alhaji, maganarka ta taɓa ni, domin ni ma ban taɓa tambayar yaron ko likitancin nasa ne ko na mahaifinsa ba. Saura abu biyu. Uku daga cikin yaran suna ɗaukar azuzuwan AP, wato darussan matakin jami'a da ake koyarwa a sakandare, kuma suna ganin kamar sun riga sun rage shekara guda daga jami'a, biyu kuma iyayensu suna tunanin su fara da kwalejin shekara biyu saboda tsadar karatu, shin abin da suka yi a can zai bi su? Sannan akwai yarinya guda mai ƙoƙari a kowane darasi, wadda duk lokacin da aka tambaye ta abin da take so sai ta yi shiru, kuma na lura tambayar ta fara sa ta kuka.

Ɗalibin Injiniya ya rubuta:

Gwaggo, ni ta kwalejin shekara biyu na biyo, yanzu ina shekarar ƙarshe a jami'a, don haka zan amsa ta farkon. Jarrabawar AP ana yin ta ne a watan Mayu, makinta daga 1 zuwa 5, kuma kowace jami'a ita take yanke abin da za ta karɓa. Wasu suna ba da kiredit daga maki 3, wasu sai 4 ko 5, wasu kuma ba sa ba da kiredit sam, sai dai su bar ɗalibi ya tsallake zuwa kwas na gaba. Ko an ba da kiredit ɗin ma, sai a duba inda aka ajiye shi, domin idan ya faɗa cikin na zaɓin rai bai taɓa sarƙar fannin ba, lokacin gamawa yana nan yadda yake. Kowace jami'a tana wallafa jadawalin abin da take bayarwa, su nemo shi su gani da idonsu. Ɗan yayanki mai son likitanci kuwa sai ya ƙara kula, saboda wasu makarantun likitanci ba sa karɓar AP a madadin kwasa-kwasan kimiyyar da suka sharɗanta. Idan kuma akwai mai ɗaukar kwas na kwaleji tun yana sakandare, ya sani cewa wannan sakamakon ya shiga tarihin karatunsa na jami'a ke nan, ba ya gogewa.

Game da farawa a kwaleji, hanya ce mai kyau, ban yi nadamar bin ta ba, amma tana da sharaɗi guda: tun ranar farko ɗalibi ya san jami'ar da yake nufi da fannin da yake nufi, ya ɗauki kwasa-kwasansa daga jerin da ita jami'ar ta amince da shi. Ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Jihohi da dama sun yi tanadi a kan haka. A California akwai shafin ASSIST da yake nuna wane kwas na wace kwaleji ne yake daidai da wane a jami'o'in gwamnatin jihar, a Texas kuma wanda ya gama kiredit 42 ɗin da Malam ya ambata a makarantar gwamnati guda, sauran dole su karɓe su a dunƙule. Kuskuren da na ga abokaina sun yi shi ne gama dukan na gama-gari a kwaleji su bar lissafi da fiziks sai sun je jami'a, sai su isa da kiredit 60 amma a idon sashen injiniyanci 'yan shekarar farko ne. Sannan duk abin da mai ba da shawara ya ce za a karɓa, a roƙe shi ya rubuta a imel a adana, haka ma kundin shekarar da aka shiga, domin yawanci da sharuɗɗansa za a yi wa mutum hukunci ko da an canza su daga baya.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Hajiya, game da yarinyar, ina roƙon a daina yi mata wannan tambayar na ɗan lokaci, har a gaya wa iyayenta su ma. Yaron da yake da ƙoƙari a komai yakan ji cewa duk abin da ya zaɓa ya yi asarar sauran, kuma manya suna jiran amsa guda da za ta ɗaure shi har tsufa. A maimakon haka ki tambaye ta abubuwan da take da amsarsu: wane aikin gida take farawa da shi ba tare da an sa ta ba, wanne take turawa sai dare ya yi, ta fi son matsalar da take da amsa guda ko wadda ake muhawara a kanta, tana jure zama ita kaɗai awa uku a kan abu ɗaya ko sai da mutane. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka yana da kundin sana'o'i a intanet kyauta, wanda yake bayyana abin da mai kowace sana'a yake yi a wuninsa da karatun da ake bukata, shafin College Scorecard na ma'aikatar ilimi kuma yana nuna abin da masu kowane fanni a kowace makaranta suke samu da bashin da suke fita da shi. Ta duba su, amma abin da ya fi su amfani shi ne ta wuni guda tare da mai yin aikin, ko ta zauna da ɗalibin shekara ta uku ya nuna mata irin aikin da ake ba su.

Irinta ce ya dace ta nemi jami'ar da take ɗaukar ɗalibai ba tare da ɗaure su da sashe ba, ta kuma bi shawarar Malama ma'aikaciyar jinya: kalkulas da kemistiri a shekarar farko, tare da kwas guda a kowane zango daga fannin da ba ta taɓa ɗanɗanawa ba. Da wannan za ta kai ƙarshen shekarar farko kusan dukan ƙofofi suna buɗe mata, kuma lokacin tana da abin da za ta auna da shi.

Gwaggon Yara ta rubuta:

Na karanta wa yaran amsoshinku jiya da yamma. Muna cikin maganar lissafi ɗan yayana ya ce ai shi ya riga ya cika takardar zaɓen darussan aji na 12, kuma bai sa lissafi ba, saboda an ce masa ya cika shekara ukun da ake nema. Na aika wa malamar ba da shawara ta makarantarsu saƙo a daren, ta ce har yanzu ana iya gyarawa, mu zo ranar Litinin da safe. Sauran biyar ɗin kuma na ce kowa ya zo mini da kwafin tasa takardar ranar Asabar, tare da tsarin shekara huɗu na fannoni biyu kamar yadda Malam ya ce.